Bulon Leda da Yashi: Tsokaci a kan Abin da Bincike Ke Aunawa da Abin da Ya Bari

1. Shimfiɗa

Wannan takarda tsokaci ce a kan wani reshe na binciken roba da ya samu karɓuwa a jami'o'in Afirka, watau narkar da tsohuwar leda, a cuɗa ta da yashi, a zuba a mazubi, a samu bulon daɓe titi, wanda da faransanci ake kira pavé. Ba mu zo da sabon gwaji ba. Abin da muka yi shi ne karanta abin da aka wallafa da idon mai nazarin roba, domin mafi yawan waɗanda suka yi rubutu a kai masana gine-gine ne. Ra'ayinmu, wanda za mu yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne wannan bincike ya ari ma'aunin kankare ya ɗora a kan abin da ba kankare ba, saboda haka lambobin da yake bayarwa, ko da sahihai ne, ba su amsa tambayar da titin Maraɗi ko na Damagaram zai yi wa bulon.

Dalilin karɓuwar wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. A 2017 Geyer da Jambeck da Law suka ƙiyasta cewa, daga lokacin da aka fara yin roba da yawa zuwa 2015, duniya ta zubar da wajen ton miliyan 6,300 na sharar roba, kuma kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa. A nan Nijar, doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana yi da shigowa da sayarwa da amfani da leda mai laushi, amma duk wanda ya ratsa bayan kasuwa, ko ya dubi ƙayar da ke bakin gari, ya san yadda aka ƙare tsakanin doka da leda. Idan aka ce da magajin gari ga dabarar da za ta kwashe leda daga magudanun ruwa, ta daɓe titi, ta kuma ba matasa aiki, ba zai tsaya dogon tambaya ba. Mu ne ya kamata mu yi masa tambayar, tunda daga sassanmu kundayen da ake kafa hujja da su ke fitowa.

2. Abin da aka tabbatar

Ya kamata mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Dabarar ba a ɗakin gwaji aka haife ta ba. Masu sana'a ne suka soma ta, kuma wanda aka fi ambata shi ne Pierre Kamsouloum na ƙasar Kamaru. Daga baya aka samu kamfanoni irin su Nelplast a Ghana da Gjenge Makers a Nairobi, waɗanda ke aiki da injuna. Aikin ilimi da aka fi dogara da shi shi ne wanda Kumi-Larbi da Cheeseman na Imperial College ta Landan suka wallafa a 2018 a mujallar Waste Management, tare da wasu abokan aiki, cikinsu har da shi Kamsouloum. Sun narkar da ledar ruwan sha, sun sassauya yawan yashi da girman ƙwayarsa, sun auna. Sun samu cewa juriyar matsi na iya kai wajen megapaskal 27, cewa tana fin kyau idan yashi ya kai kamar kashi 75 cikin 100 na nauyi, kuma yashi mai laushi ya fi mai tsakuwa ba da ƙarfi. A 2022 rukunin ya sake wallafa wani aiki inda ya shigar da zafin narkarwa cikin lissafi, ya nuna cewa idan zafi ya wuce iyaka robar na lalacewa, bulon kuma ya yi rauni.

Wannan aiki ne mai tsabta, kuma sa sunan mai sana'ar cikin marubuta abin koyi ne. Haka zalika fa'idojin da aka lissafa wa bulon na gaskiya ne: ba ya bukatar siminti, ba ya bukatar ban-ruwa, ba ya shan ruwa sai kaɗan, ya fi na kankare rashin nauyi, idan ya faɗi daga amalanke ba ya tarwatsewa. A ƙasar da sai an sayi ruwa daga ƴan ga-ruwa kafin a jiƙa bulo, rashin bukatar ban-ruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ta fi fitowa a cikin ɗimbin rubuce-rubucen da suka biyo baya. Tsarinsu kusan ɗaya ne: a yi haɗi huɗu ko biyar, a sa a injin matsi, a zana jadawali, a gwama da kankare, a rufe da cewa bulon ya dace. Har akan ga an auna bulon a kwana 7, da kwana 14, da kwana 28. Waɗannan ranaku na siminti ne, domin shi yana ci gaba da haɗuwa da ruwa yana ƙara tauri har tsawon makonni. Leda kuwa ba ta da wannan al'ada. Da ta huce ta gama abin da za ta yi. Jiran kwana 28 a kanta alama ce ta cewa an kwafo tsarin gwaji ba tare da an tambayi dalilinsa ba.

3. Ma'aunin aro

Bari mu fara da ɗan lissafi, domin a nan ne ruɗun ke farawa. Ana cewa bulon kashi 75 yashi ne, kashi 25 leda, sai mai karatu ya ɗauka dutse ne da ɗan abin liƙi. Amma wannan rabo na nauyi ne. Litir guda na ƙwayar yashi, ba tare da iska a tsakani ba, yana da nauyin kilo 2.65, litir guda na polietilen mai laushi, watau PEBD, wajen kilo 0.92. A cikin kilo guda na haɗin ke nan yashi ya cike litir 0.28, leda ta cike litir 0.27. Watau ta fuskar girma, kusan rabin bulon leda ce. Kowace ƙwayar yashi a nannaɗe take cikin roba, kuma duk nauyin da aka ɗora sai ya bi ta cikin robar kafin ya isa ƙwaya ta gaba. A irin wannan haɗi, inda akwai uwa da ciko, halin uwa ne ke mulki, ciko yana rage shi ne kawai.

To, mene ne halin uwar? Tun 1920 Staudinger ya kawo ra'ayin cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na molekil, ra'ayin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Polietilen, wanda aka gano a ɗakin gwajin kamfanin ICI na Ingila a 1933, shi ne mafi sauƙin misali: sarƙar kabon da hidrojen, wani sashe nata a shirye a jere, wani sashe a cukurkuɗe. Babu abin da ya ɗaure sarƙa da sarƙa sai cukurkuɗewa da ɗan jan da ke tsakaninsu. Saboda haka idan an ɗora nauyi sarƙoƙin na zamewa a hankali, kuma zafi na ƙara musu saurin zamewa. PEBD na narkewa tsakanin digiri 105 da 115, amma tun kafin a kai can ya daɗe da fara saki.

Daga nan abubuwa biyu ke fitowa waɗanda injin matsi ba ya gani.

Na farko shi ne zafi. Ƙa'idar gwajin roba ta duniya, ISO 291, ta tsayar da digiri 23 a matsayin yanayin gwaji, kuma a kusa da nan ne ake samun yawancin lambobin da ake wallafawa. A Yamai ko Tawa, cikin Afrilu da Mayu, iska kanta na wuce digiri 40, baƙin daɓe da rana ta kwana a kai tun hantsi kuwa yakan wuce 60. Ga kankare, bambanci tsakanin 23 da 60 ba ya canza komai a juriyarsa. Ga PEBD, taurinsa a digiri 60 bai kai rabin na digiri 23 ba. Megapaskal 27 da aka auna cikin sanyin ɗakin gwaji ba su ne ke ƙarƙashin tayar babbar mota da azahar ba. Kuma baƙin launin bulon, wanda ya gada daga baƙar leda da ƙunar tukunya, shi ke ƙara masa shan zafi.

Na biyu shi ne lokaci. Kankare idan ya gaza, tsagewa yake yi, a ji ƙara, allurar inji ta faɗo, kowa ya ga inda ƙarfinsa ya ƙare. Bulon leda lotsewa yake yi, ya kumbura ta gefe, sau da yawa ba tare da ya rabu ba. Lambar da aka karanta ta dogara ga saurin da aka matsa shi: a matsa da sauri ya nuna ƙarfi, a matsa a hankali ya nuna ƙasa da haka. Idan kuwa aka ɗora masa nauyin da bai kai na gazawa ba aka bar shi, zai ci gaba da lotsewa wata da watanni. Wannan lotsewar sannu, wadda Faransawa ke kira fluage, ita ce darasi na farko a kowane littafin injiniyancin roba, amma da wuya a same ta a rubuce-rubucen bulon leda. Gaskiya ne yashi na rage ta ƙwarai, kuma gaskiya ne motar da ke wucewa ba ta daɗewa a kan bulo guda. Sai dai titunanmu ba na wucewa ba ne kawai. A tasha, a bakin kasuwa, a ƙofar sito, mota mai ɗauke da buhunan albasa ko siminti takan kwana biyu a tsaye wuri ɗaya. Nawa ne yashi ya rage, a wane zafi, cikin wane lokaci? Wannan ita ce tambayar da ya kamata a auna.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne cewa fannin roba ya daɗe da warware yadda ake auna irin wannan abu, kuma misalin na binne a ƙarƙashin titunan da ake son daɓewa. Muna nufin baƙin tiyon ruwa na polietilen. Robar da ake kira PE100, idan aka ja ta a inji na ƴan mintoci, tana jure fiye da megapaskal 20. Amma ba wannan lamba injiniya ke aiki da ita ba. Bisa ƙa'idar ISO 9080, ana cika tiyo da ruwa mai matsi a zafi dabam-dabam, har zuwa digiri 80, ana bin sa dubban awoyi, sannan a lissafa abin da zai jure shekara 50 a digiri 20. Amsar ita ce megapaskal 10, daga nan ne ma sunan PE100 ya fito. Sai a sake rage ta zuwa 8 domin kariya. Idan kuma ruwan zai kai digiri 40, a ninka matsin da aka yarda da 0.74. Daga sama da 20 an sauko ƙasa da 6, alhali roba ce sabuwa fil, daga masana'anta, an san asalinta. Ba muna cewa waɗannan lambobi za a ɗora wa bulo ba, domin tiyo ja yake sha, bulo kuma danni. Hanyar tunanin muke nunawa: mai aikin roba ba ya faɗin ƙarfin abu sai ya haɗa da zafi da tsawon lokaci. Lamba tsirara, ba zafi ba lokaci, rabin zance ce.

Ko a cikin ma'aunin kankaren ma, gwamawar da ake yi na da rauni. Akan gwama megapaskal 27 da kankaren gini na yau da kullum a ce an yi kunnen doki. Amma ƙa'idar Amurka ta bulon daɓe, ASTM C936, megapaskal 55 take nema. Ta Turai kuwa, EN 1338, wadda ƙasashe masu aiki da faransanci suka fi bi, ba ta dogara ga matsi ba sam. Tsaga bulon take yi, tana neman megapaskal 3.6, sannan ta auna gogewa da santsi da shan ruwa. Mai rubutu yakan zaɓi ma'aunin da bulonsa zai ci, ya yi shiru a kan sauran. A ganinmu babu ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan biyu da ta dace da bulon leda yadda take, domin duka an rubuta su ne ga abin da ke tsagewa.

4. Abin da ke cikin tukunya

Mai bincike yakan zaɓi leda iri guda, ya wanke, ya shanya, ya yanka. Haka ya kamata a ɗakin gwaji, domin a san abin da ake aunawa. Amma abin da yara da mata ke tsintowa a juji ba iri guda ba ne, kuma kalmarmu ta "roba" na ɓoye bambancin. Ledar ruwan sha PEBD ce ko danginta. Siririyar leda mai ƙarar kacau-kacau sau da yawa PEHD ce, mai narkewa wajen digiri 130. Buhun hatsi da tabarmar roba polipropilen ne, wajen 165. Gorar ruwa PET ce, sai an kai 250. Takalmin roba da tiyon magudana yawanci PVC ne. Tun 1988 ake buga lambobi 1 zuwa 7 a gindin kaya domin rarrabe su, sai dai leda ba ta ɗauke da lamba a mafi yawan lokaci. Kuma polimer iri biyu, ko sun narke tare, galibi ba su garwayuwa; kamar mai da ruwa suke, kowa ya ware, iyakar da ke tsakaninsu ta zama wurin tsagewa. Gutsuren PET a cikin narkakken PEBD bai narke ba ma, ya zama tsakuwa mai santsi.

Tsakanin leda da yashi ma babu ƙauna. Fuskar yashi mai son ruwa ce, polietilen kuwa maƙiyin ruwa ne, babu haɗin sinadari tsakaninsu. Rungumar ƙwayar kawai robar ke yi idan ta huce ta tsuke. A masana'antu ana ƙara sinadarin da ke ƙulla su, kamar polietilen da aka ɗaura wa anidrid maleyik, amma wannan ba abin da ake samu a unguwa ba ne. Idan yashin da laima, ko ledar da sauran ruwa, tururi zai bar ramuka a cikin bulon. Abin lura a nan shi ne bambanci tsakanin bulo da bulo a bugu guda na iya fin bambancin da jadawali ke nunawa tsakanin haɗi da haɗi. Wanda ya gwada bulo uku a kowane haɗi, ya ba da matsakaici ba tare da nuna tazarar da ke tsakaninsu ba, bai nuna cewa kashi 25 ya fi kashi 30 ba.

Sai wuta. A yawancin wuraren sana'ar, rabin ganga ake ɗorawa a murhu, a hura itace ko a bar ledar ta ci da kanta, ana juyawa da shebur. Babu ma'aunin zafi. Gindin ganga na iya wuce digiri 400 yayin da saman bai gama narkewa ba. Binciken 2022 da muka ambata ya nuna illar wannan ga ƙarfin bulo. Illarsa ga mai juyawa ita ce ba ta samu rabonta na nazari ba. Polietilen da ya ƙone cikin iska na fitar da kabon monoksid da sinadarai masu yaji a ido da maƙogwaro irin su formaldehid da akrolein. PVC, tun daga wajen digiri 200, na sakin iskar asid kloridrik, kuma ƙona shara mai klor a fili na cikin hanyoyin samuwar diyoksin da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta lissafa. Takalmi ɗaya da ya ɓuya cikin buhun leda ya isa ya canza hayaƙin tukunya. Rubuce-rubucen kan kira dabarar mai kare muhalli a sakin layi na farko, sannan ba su sake komawa kan hayaƙi ba, ballantana itacen da aka ƙona a ƙasar da itace ke da tsada ga daji da aljihu.

Akwai gwaje-gwaje biyu masu arha da ya kamata kowane kundi ya bayyana ko an yi su. Ɗaya shi ne zuba yankakkiyar roba a bahon ruwa: polietilen da polipropilen na tasowa, PVC da PET na nitsewa, ko da yake ledar da aka cika wa farar ƙasa a masana'anta ita ma takan nitse. Ɗayan shi ne tsohon gwajin Beilstein: a gasa wayar jan ƙarfe, a taɓa robar, a mai da ita wuta, idan harshen ya yi kore, akwai klor.

5. Rana, gogewa, gobara

Duk wanda ya taɓa barin buhun hatsi a kan rufi ya san abin da rana ke yi wa roba: cikin ƴan watanni buhun ya zama gari a hannu. Ɓoyayyen hasken rana da ake kira ultrabiyole, tare da oksijen na iska, ke yanka sarƙoƙin. Shi ya sa ake zuba wa tiyon ruwa baƙin kabon kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100, a watse shi daidai cikin robar. Ledar ruwan sha ba ta da wannan kariya, an yi ta ne don ta rayu ƴan kwanaki. Kuma kafin ta iso tukunya ta riga ta sha rana a juji, maganin tsufan da aka sa mata a masana'anta ya ƙare, narkarwa ta ƙara cinye saura.

Za a iya cewa, kuma da gaskiya, hasken ba ya shiga cikin bulo mai kaurin santimetir 6. Fatar sama kawai yake ci. Amma titi wuri ne na gogewa. Fatar da rana ta gasa, taya da kofato da yashin hunturu su kankare ta, sabuwa ta fito, rana ta sake gasawa. Abin da aka kankare ina ya tafi? Tun 2004, da Thompson da abokan aikinsa suka jawo hankali ga ɓurɓushin roba a teku, wannan tambaya ta zama babba a fannin. A wurinmu ɓurɓushin ba teku zai tafi ba; ƙurar unguwa zai shiga, da ruwan damina mai gangarawa tabki da gulbi da fadamun lambu. Mai yiwuwa adadin kaɗan ne idan aka gwama da ledar da ke ruɓewa a fili yanzu. To, a auna a faɗa. Gwajin gogewa na EN 1338 ana iya yin sa a kan bulon da ya shekara a rana, a tara garin a auna robar da ke ciki.

Batun gobara bai shafi titi sosai ba, amma ya shafi matakin da ake ɗauka daga daɓe zuwa bango, wanda kundaye da yawa ke ba da shawara a shafinsu na ƙarshe. Kilo guda na polietilen na ɗauke da makamashi kusan daidai da kilo guda na gazuwal. Bisa lissafinmu na baya, litir guda na haɗin na da nauyin kilo 1.8, don haka murabba'in metir guda mai kaurin santimetir 6 na ɗauke da wajen kilo 27 na leda, kwatankwacin litir 30 na gazuwal. Yashi na jinkirta kamawar wuta, wannan tabbas ne, amma bango mai ɗauke da rufi ba sai ya kama ba, ya yi laushi ma ya isa. UNICEF da kamfanin Conceptos Plásticos na Kolombiya sun gina azuzuwa da bulon roba a Kodibuwa, kuma sun ce bulon nasu na jure wuta; amma wannan bulon masana'anta ne, ba na rabin ganga ba, kuma ba a ɗaukar shaidar wani a ba wani. Bayan gobarar azuzuwan zana ta Yamai a Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban 2021, inda kowace ta ci yara 20 ko fiye, bai kamata wani sashe na jami'a ya bar kalmar "aji" ta fito a kundin bulon leda ba tare da gwajin wuta a gabanta ba.

6. Lissafin tsintuwa da aikin da ya rage

Lambar kilo 27 na da wani amfani. Idan muka ɗauki ledar ruwa guda a kan giram 2 zuwa 3, murabba'in metir guda na cin leda tsakanin 9,000 da 13,500. Titi mai tsawon kilometir guda da faɗin metir 6 zai ci wajen ton 160 na leda tsabtatacciya, busasshiya, rarrabbiya. Masu goyon bayan dabarar za su ce wannan shi ne abin so, titi guda ya share gari. Mai lissafin kuɗi zai tambayi kwana nawa mutum zai yi yana tsinta, da ruwan wanki, da abin da za a biya shi. Dukansu na da gaskiya, kuma farashin da kundaye ke bayarwa yakan sa ledar a matsayin kyauta, watau ya sa aikin mai tsinta a matsayin kyauta.

Ba mu ganin gyaran na bukatar injuna masu tsada. Gwajin lotsewar sannu na bukatar sandar ƙarfe mai ɗaga nauyi, da ma'aunin tsawo mai allura, da akwatin da za a riƙe a digiri 60; ɗakin gwajin gine-gine da ke da tandar busar da yashi ya riga ya mallaki rabin kayan. Gwajin matsi kansa ana iya yin sa a kan bulon da aka fito da shi daga tanda nan take, a ba da lamba biyu, ta 23 da ta 60, maimakon ɗaya. Game da rana kuwa, kamfanonin Turai da Amurka na biyan kuɗi a shanya musu roba da fenti a filayen gwaji na Arizona da Florida da Bandol ta kudancin Faransa, domin su ga yadda za su tsufa. Rufin kowane sashe a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa fili ne irin wannan.

Abin da ke hana wannan aiki shi ne tsawon kundi. Ɗalibin mastar na da ƴan watanni, injin matsi kuma na ba da jadawali cikin yini guda, shi ya sa kowa ke komawa gare shi. Gwajin tsufa sai sashe ya ɗauke shi a matsayin nasa: a buga bulo ɗari a lokaci guda, rabi daga ledar da aka zaɓa, rabi daga tukunyar masu sana'a, a rubuta asalin kowane rukuni da zafin da aka narkar da shi, a jera wasu a rufi, a daɓe wasu a ƙofar shiga inda babura ke bi, a ajiye wasu a inuwa domin gwamawa. Kowace shekara ɗalibi guda ya ɗauko biyar daga kowane rukuni, ya auna nauyi da kauri da gogewa da juriyar matsi a zafi biyu, ya ƙara layinsa a littafin da na bara ya bari.